Kwana Shida Tsakanin Lahadi da Asabar

Ranar Asabar, 27 ga Afrilun 2024, bayan la'asar, ina tsaka da tankaɗe garin tuwon dare sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce daga Zariya. Ba sallama, ba ina wuni, sai kawai na ji: "Yaya, kin ga abin da matar nan ta yi mana?"

Gabana ya faɗi. Na ɗauka wata ce a dangi ta jawo mana abin magana. Ashe matar da ake nufi tana can Koriya ta Kudu, sunanta Park Ji-eun, ita ce ta rubuta fim ɗin nan mai dogon zango, Queen of Tears, laifinta kuwa shi ne a ƙarshen fitowa ta 15 ta sa an banke jarumin da mota, alhali fitowa ɗaya tak ta rage a gama. Na ce mata ban kai ga kallo ba tukuna, kuma na gode da ta ɓata min. Ta ce gara in sani tun yanzu in shirya zuciyata. Daga nan ta shiga rantse-rantse. "Wallahi Yaya na haƙura da fim ɗin nan. Gobe ko kyauta aka ba ni data ba zan kalla ba."

Washegari ta riga ni kallo. Ba ita kaɗai ba ce kuma. Mutanen Koriya da suka kwana suna mita a kan wannan fitowa su ne dai suka dawo daren Lahadi suka zauna gaban talabijin, har alƙaluman kamfanin Nielsen Korea suka nuna fitowar ƙarshe ta kai kashi 24.9 cikin ɗari na gidajen da ake aunawa, abin da babu wani fim na tashar tvN da ya taɓa kaiwa kafin nan.

Wannan mitar, wannan "na daina" da ba a dainawa, ita nake son in tsaya wa. Akwai masu ganin ta a matsayin shirmen marasa aikin yi. Ni a wurina hirar da ake yi tsakanin fitowa da fitowa ita ce rabin fim ɗin, kuma wanda ya bari aka gama ya haɗiye a dare biyu, rabi kawai ya samu. Sai dai ina da sharaɗi guda, a kansa muke saɓawa da ƙanwata har gobe: hirar ta tsaya a hira. Ranar da ta isa teburin marubuci ta fara juya masa alƙalami, ta zama cuta.

Ga wanda bai saba ba, ga yadda makon yake. Yawancin fina-finan Koriya masu dogon zango da muke bi fitowa 16 ne, ko 12 a 'yan shekarun nan, kuma bibbiyu ake sakin su: Litinin da Talata, ko Laraba da Alhamis, ko Juma'a da Asabar, ko Asabar da Lahadi. Kowace fitowa takan haura awa ɗaya, wata ma ta doshi awa ɗaya da rabi. Tsofaffin tashoshi uku ne, KBS da MBC da SBS, sai na baya-bayan nan irin su tvN da JTBC da ENA. Gari na wayewa alƙaluman masu kallo za su fito, jaridu su buga su kamar sakamakon ƙwallo. Koriya tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, don haka abin da ake haskawa ƙarfe tara da 'yan mintuna na dare a Seoul, mu nan lokacin ana haramar azahar. Zuwa la'asar an samu mai fassarar Turanci a ƙasa. Kafin magariba an fara faɗa.

Sakin bibbiyun nan da dabara a ciki. Ƙarshen fitowar Asabar ƙaramin tarko ne, na kwana ɗaya. Ƙarshen ta Lahadi ita ce babbar ƙugiya, wadda za a bar mutum rataye a kanta kwana shida.

Ni ba a takarda na karanta amfanin waɗannan kwanaki shida ba, azumi ne ya gwada min. An fara haska fim ɗin ranar 9 ga Maris, muka ɗauki azumi ranar 11. Fitowa biyun farko tare muka kalle su, ni da ƙanwata da ta zo hutun ƙarshen mako, da Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta zo mana kwana biyu. Gwaggo ba ta karanta Turancin da ke gudu a ƙasan allo, ƙanwata ce ke yi mata tafinta, kuma tafintar tata rabi fassara ce rabi son rai. Amma Gwaggo ba ta buƙatar a gaya mata abin da idonta ya gani. Ga yaro ɗan ƙauye, lauya, ya auri 'yar masu kuɗi, yana zaune a gidan surukai, har aka nuno shi da sauran mazajen 'ya'yan gidan sun ɗaura ƙyallen girki suna ta soye-soyen abincin tunawa da mamaci.

"Af," in ji Gwaggo, "ashe su ma suna da mijin Hajiya."

Daga nan muka jingine kallo saboda azumi. Wata guda cur muna tauna waɗannan fitowa biyu. Duk sanda na kira Gwaggo in yi mata barka da shan ruwa, bayan an gama tambayar yara da jiki, sai ta ɗauko zancen. Ita a ganinta namijin da ya yarda ya tare a gidan matarsa ya sayar da bakinsa, duk abin da aka yi masa shi ya saya da kuɗinsa. Ƙanwata ba ta iya mayar wa Gwaggo magana, don haka a kaina take saukewa. "To Yaya, matan fa? Tun duniya na kwance suke tarewa a gidan surukai suna wannan girkin, wa ya taɓa cewa sun sayar da bakinsu?" Ta ce da gangan marubuciyar ta juya tabarmar don maza su ɗanɗana. Na kai wa Gwaggo wannan, bayan na rage masa gishiri. Ta ce yarinya ce, za ta gane. Mun taɓo auren wata 'yar'uwarmu, mun taɓo rabon gado, mun taɓo dalilin da ke sa mace mai albashi ta ɓoye wa miji adadinsa. Duk daga awa uku na fim ɗin mutanen da ba su san da zamanmu ba.

Bayan Sallah na tarar fitowa takwas sun taru, ta 3 zuwa ta 10. Na zauna na haɗiye su cikin kwana uku, ido jawur, aikin gida yana jira. Yau in aka tsare ni aka ce in bambance abin da ya faru a ta 6 da ta 7, inda-inda zan yi. Na san an je Jamus, na san an ƙwace kamfani, na san masu kuɗin sun koma ƙauyen surukinsu suna raɓe. Amma duk sun cakuɗe min kamar fate. Ban yi musu da kowa a kansu ba, don ban bar tazarar da musu zai zauna ba.

Mai gidana yana ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Shi ba ya taɓa fim sai an gama shi. Sai ya ji labari ya tabbata cewa ƙarshen bai watse ba, sannan ya biya wurin masu turi a zuba masa gaba ɗaya a waya. Ya ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, shi kuwa ba zai ba wani marubuci wata biyu na rayuwarsa a kan alkawari ba. Ya ce mu muna sayen kaya ne a cikin buhu. Gaskiya ne, sau da yawa mun bi fim mako takwas da zuciya ɗaya, aka zo fitowar ƙarshe aka watsa mana ƙasa a ido. Shi bai taɓa shan wannan ba. Ga tattalin data, ga shi ba ruwansa da fargabar wuta za ta ɗauke ranar Asabar waya ba caji.

Amma ina lura da shi. Ya gama fim cikin kwana huɗu, ya ce "ya yi kyau", shi ke nan. Ko ya so hira babu da wa, don mu mun wuce wurin tun watanni. Kuma ko an yi hirar, ta wanda ya san ƙarshe ce, ita kuwa ba ta da gardi. Daɗin musun mako shi ne duk cikinmu babu wanda ya sani. Gwaggo da ba ta jin Turanci da ƙanwata da ke jami'a a layi ɗaya suke, kowa hasashe yake yi da abin da rayuwa ta koya masa. Sau nawa ake samun irin wannan zama a gida?

Su kansu Koriyawa suna da kalmomin wannan hira, kuma biyu daga ciki sun kwanta min. Idan labari ya cije, mugu yana ta cin karensa babu babbaka, jaruma ta ƙi furta kalma ɗayar da za ta warware komai, sai su ce goguma. Goguma dankalin Hausa ne. Duk wanda ya taɓa cin dafaffen dankali babu ruwa a kusa ya san inda yake tsayawa a ƙirji. Idan kuma aka zo wurin da wanda aka zalunta ya buɗe baki ya wanke azzalumi tas, sai su ce saida, wato lemon kwalba mai gas da ke wucewa da dankalin. Kalmomin nan na mai jira ne. Mai haɗiya bai san goguma ba, don da ya ji ya shaƙe sai ya danna ta gaba. Wanda kuwa bai shaƙe kwana shida ba, lemon ba zai ratsa shi yadda ya ratsa mu ba.

Lokacin da tvN ke haska Reply 1988, daga ƙarshen 2015 zuwa Janairun 2016, ƙasar ta rabu gida biyu a kan tambaya guda: cikin samarin unguwa wa zai auri jarumar fim ɗin? Har kowane ɓangare ya ƙirƙiri takensa, ɗaya eonamryu, ɗaya eonamtaek, ma'anar kowanne ita ce ko ana ha-maza ha-mata namu ne mijin. Mutane suka riƙa bin fitowa suna tsintar alamu, yadda wane ya kalli wance, hannun da mijin ya riƙe abu da shi. Ba zan faɗi wanda ya yi nasara ba, na san zafin a ɓata wa mutum. Wanda ya kalli fim ɗin yau a zama uku zai ga labari mai kyau na maƙwabtaka da iyaye. Amma wancan zaɓen da aka yi mako goma ana kamfe ya wuce shi.

Hirar kuma tana da ƙarfin da talla ba ta da shi. Extraordinary Attorney Woo, labarin lauya mai larurar otizim, ya fara ne a ƙarshen Yunin 2022 a ENA, tashar da ko a Koriya ba kowa ya san lambarta ba, da kashi 0.9 cikin ɗari. Ya ƙare a watan Agusta da kashi 17.5. SKY Castle na JTBC, wanda ya tona yadda masu hali ke gasa wa 'ya'yansu aya a hannu don shiga manyan jami'o'i, ya tashi daga 1.7 a ƙarshen 2018 ya sauka a 23.8. Wannan hawa daga baki zuwa baki aka yi shi, a wurin aiki da wurin cin abinci, kuma baki yana buƙatar kwanaki. Ranar Litinin wata ta gaya wa wata, zuwa Juma'a ta cim musu.

Za a ce min to Squid Game fa, da Netflix ta zube fitowa tara rana ɗaya a Satumban 2021, duniya ta ɗauka? Haka ne, ya yi tashen da babu kamarsa. Amma ku tuna irin hirar da aka yi a kansa. Kafin a buɗe baki sai an tambaya, "Ina ka kai?" Wannan yana ta 3, wancan ya gama, kowa yana toshe kunne. An yi surutu mai yawa, ba a yi zama ɗaya ba. Ita kanta Netflix ɗin da ta zo sakin When Life Gives You Tangerines a Maris ɗin 2025, hurhuɗu ta riƙa fitarwa duk mako har mako huɗu.

To, ga inda na rabu da ƙanwata. Ranar da aka banke jarumin, ba mita kaɗai ta yi ba. Cewa ta yi da ana sauraron masu kallo da ba a yi wannan ɗanyen aiki ba. So ta yi a ce kukanta ya isa Seoul ya canza fitowar gobe. Bai isa ba, don an gama ɗaukar fim ɗin tun kafin a fara haska shi. Ni kuwa hamdala na yi, domin Koriya ta shafe shekaru tana gwada abin da ƙanwata ke fata, kuma an ga abin da ya haifar.

Tsarin da aka daɗe a kai shi ne a ɗauki 'yan fitowar farko, a fara haskawa, sauran kuma a riƙa ɗauka ana tafe. Ta haka tasha za ta ga alƙaluma, ta ji abin da ake faɗa a gari, ta ce wa marubuci ƙara wa wane fitowa tunda ana son sa, rage wance, ja wannan soyayyar. In fim ya karɓu a ƙara masa tsawo. Jumong, wanda da yawanmu ta kansa muka fara sanin Koriya a faifan DVD, fitowa 60 aka tsara masa, MBC ta ja shi zuwa 81 tsakanin 2006 da 2007. In bai karɓu ba a datse shi. A baki abin kamar adalci ne, mai saye ke faɗin abin da yake so. Amma mako kwana bakwai ne, kuma a cikinsa ake son a rubuta, a ɗauka, a tace fim na sama da awa biyu. Har suna suke da shi na takardun da marubuci ke aikowa wurin ɗauka shafi-shafi, jarumi ya haddace a tsaye: jjokdaebon. Akan kammala tace fitowa ana saura sa'o'i a haska ta.

Wa ke biyan wannan? A watan Agustan 2011 jaruma Han Ye-seul ta bar wurin ɗaukar Spy Myung-wol na KBS ta hau jirgi zuwa Amurka, tana kukan yanayin aikin. Ta dawo bayan 'yan kwanaki ta ba da haƙuri, aka yi ta zagin ta da rashin sanin ya kamata. Ita dai tana da suna da kuɗin jirgi. Masu riƙe fitila da masu jan waya ba su da inda za su gudu. A watan Oktoban 2016 wani matashin mataimakin darakta, Lee Han-bit, da ya yi aiki a Drinking Solo na tvN, ya kashe kansa. A wasiƙar da ya bari ya ambaci yadda aikinsa ya zama sa mutane aiki sama da awa 20 a rana, a bar su su yi barcin awa biyu ko uku, a sake kiran su. Iyalinsa sun yi ta fafutuka har kamfanin da ya mallaki tashar ya nemi gafara a 2017, daga baya aka kafa cibiyar kare haƙƙin ma'aikatan fim da sunansa. A Disambar 2017 kuma aka haska fitowa ta 2 ta A Korean Odyssey ba a gama tace ta ba, ana ganin wayoyin da aka rataye 'yan wasa da su ƙuru-ƙuru, har aka katse shirin. A kwanakin ne aka ji cewa wani ma'aikaci ya faɗo daga sama a wurin ɗaukar ya ji mummunan rauni a ƙashin baya.

Ban ce mai kallo ne ya tunkuɗo shi ba. Kwaɗayin tasha ne da rowar kamfani. Amma hujjar da aka riƙa kare tsarin da ita, mu ne: wai ana son a tafi da ra'ayin masu kallo. Da sunanmu aka hana mutane barci. Abubuwa sun fara sauyawa, dokar taƙaita aiki zuwa awa 52 a mako ta hau kan tashoshi a 2019, kasuwar waje ma ta tilasta. Descendants of the Sun an gama shi kaf kafin a haska a 2016, saboda hukumar tace fina-finai ta ƙasar Sin sai ta ga komai kafin ta ba da izini, kuma hakan bai hana shi kai kashi 38.8 ba. Ashe ana iya riƙe mutane mako takwas ba tare da an tambaye su me suke so a saka gobe ba.

Ko an ajiye maganar ma'aikata, ni ban yarda mai kallon mako ya san abin da labari ke buƙata ba, kuma da kaina nake. Ranar Lahadi da dare abin da nake so guda ne, a ba ni saida yanzu-yanzu. A kama mugun, a shirya ma'auratan, uwar miji ta yi nadama. In aka biye min a fitowa ta 8, me za a yi da takwas ɗin da suka rage? Sai a ƙirƙiro sabuwar masifa daga sama, a ɓatar wa wani da tunani, a fito da ɗan da aka haifa a ɓoye. Irin wannan ne Koriyawa ke kira makjang, labarin da ya wuce gona da iri, kuma ba kasafai yake zuwa daga marubucin da ya san inda ya dosa ba. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai. Hukuncin da muke yankewa duk mako na wanda ya ga rabin zane ne a kan masaƙa. Sau nawa na tsani wani a fitowa ta 4, na zo ta 12 ina share hawaye dominsa? Da an cire shi lokacin da na nema, da ni na yi asara.

Wannan ba ya nufin marubuciya ta fi ƙarfin kuskure. Bankewar nan da mota, har yau ina ganin ragwanci ne, kuma na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare. Haƙƙina ne in faɗa. Abin da ba haƙƙina ba shi ne a gyara min.

Akwai wurin da maganata ke yin rawa, ba zan ɓoye ba. A watan Maris na 2021 SBS ta fara haska Joseon Exorcist. An nuna Sarki Taejong, mutum na tarihi, yana karkashe talakawansa cikin ruɗani, an kuma nuna ana cin abincin Sinawa a wani gida na zamanin Joseon, tsohuwar daular Koriya, a daidai lokacin da ake zafin jayayya tsakanin Koriyawa da Sinawa a kan asalin abincin nan kimchi da tufafin gargajiya. Gari ya ɗauka. Aka kai koke fadar shugaban ƙasa, kamfanoni suka riƙa janye tallarsu ɗaya bayan ɗaya, cikin mako guda aka soke fim ɗin bayan fitowa biyu kacal, alhali an riga an ɗauki mafi yawansa. Na fahimci fushin. Tarihinsu ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mutanen da aka taɓa mulka da ƙarfi aka hana su yarensu ba a yi musu wasa da wannan. Ba zan zauna a Kano in koya musu abin da ya kamata ya ɓata musu rai ba. Duk da haka fitowa biyu cikin 16 aka gani. Tashar ba ta soke don ta gamsu an yi kuskure ba, masu talla ne suka gudu. Ƙofar da aka buɗe ranar, gobe wani zai bi ta da dalilin da bai kai wannan ba. A ƙarshen shekarar aka tayar wa Snowdrop na JTBC irin wannan guguwa a kan yadda ya taɓa gwagwarmayar dimokuraɗiyya ta 1987, tashar ta cije aka haska shi har ƙarshe, masu suka suka ci gaba da suka da hujja a hannu. Wannan ya fi min.

Mu da ke nan, nisanmu ya zame mana gata. Nielsen gidajen Koriya take aunawa, ba ta san da Zariya ba. Wanda ya karɓo wurin masu turi ma ba ya cikin lissafin kowa. Duk ihun da ƙanwata za ta yi ba zai hana wani mai riƙe fitila a Seoul barci ba. Sai hirarmu ta zama hira zalla, kuma in aka saurara da kyau, rabinta ba a kan Koriya ba ce. Gwaggo takan yaba yadda yaro ke sunkuyawa ya karɓi abu da hannu biyu a gaban babba, ta ce waɗannan sun san manya, sannan a nuno koren kwalaben giyarsu ta kau da kai ta yi tsaki. Muna auna tarbiyyarsu da tamu, surukansu da namu, mu ɗauki wannan mu ajiye wancan, babu wanda ya ce sai mun haɗiye duka.

Inda abin ya zo kusa shi ne namu na gida. Tun da fina-finan Hausa suka koma masu dogon zango ana sakin su mako-mako a Arewa24 da YouTube, mu ma mun shiga wannan rayuwa, da jiranta da musunta, da kuma kiraye-kirayen a dawo da wane, a raba wance da wane. A nan kuwa darakta yana jin mu sarai, yarenmu ɗaya, wataƙila ma layinmu ɗaya a masallaci. In da zai ji tawa, ya gama rubutunsa kafin ya kunna kyamara, ya bar mu da bakinmu. Ya saurare mu in zango ya ƙare.

Daren Lahadin da aka gama, ƙanwata ta kira, wannan karon da sallama, murya a dashe don kuka. Jarumin bai mutu ba. An nuna sun rayu, sun haihu, an nuno shi ya tsufa yana ziyartar kabarinta a Jamus. Ta ce ta yafe wa marubuciyar amma ba duka ba. Washegari na kira Gwaggo na ba ta labari tiryan-tiryan, tun daga asibiti har kabari. Ta saurara ba ta katse ni ba, ta yi wa mamaciyar fim ɗin "Allah sarki", sannan ta ce, "To shi yaron, ya gina nasa gidan kuwa?"

Na ce Gwaggo, fim ɗin bai tsaya a kan wannan ba.

Ta ce, "To ashe ba a gama ba."